Idan ruwa ya ci gari, wa ke komawa neman bisashe?

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Damina ta yi nisa, gargaɗin ambaliya sai yawo yake a wayoyinmu, kuma akwai maganar da na daɗe ina son mu yi tun ruwa bai iso ba. Maganar dabbobin da ake gudu a bari ce: karen gadi, kyanwa (mussa, yadda muke cewa a gida), jakin da ke turke, tantabarun yara, da 'yan awakin tsofaffi.

Na san wani zai ce, "Malam, mutane na mutuwa, gidaje na zubewa, kai kana zancen kare da mussa?" Na ji. Ran ɗan Adam shi ne gaba, wannan babu jayayya. Amma ka daure ka bi ni zuwa ƙarshe, za ka ga cewa a ranar ambaliya sau da yawa dabbar ce ke sa mutum ya tsaya har ruwa ya cim masa.

Mu mutanen Kebbi ba baƙin ambaliya ba ne. Waɗanda suka yi wayo za su tuna watan Satumba na 2010, lokacin da aka saki ruwan madatsar Goronyo, gulbin Rima ya yi ambaliya, har gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta karye, ruwan kuma ya gangaro mana ta fadama. A 2020 abin ya fi muni ga manoman shinkafa, rahotannin lokacin sun yi maganar kimanin hekta 450,000 da ruwa ya shanye a jihar nan. A 2024 ma ba mu tsira ba. Duk lokacin da ruwa ya janye sai a zo lissafi: gidaje kaza, gonaki kaza, gadoji kaza, rayuka kaza. Idan an tuna da dabbobi, jimla ɗaya ce, "dabbobi da dama sun salwanta." Kare da kyanwa ko cikin wannan jimlar ba su shiga.

A nan Maruda abin da muka fi sani shi ne ruwan sama mai ƙarfi na tsakar dare, wanda ke jiƙa katangar ƙasa har ta zube kan duk abin da ke gindinta, kuma galibi abin da ke gindin katanga garken awaki ne ko akurkin kaji. Amma ina da dangi a wani ƙauye ta wajen Kalgo, a bakin fadama, kuma a can na ga abin da idona a daminar 2020.

Ruwa ya fara shiga gari da daddare. Samari na ta fitar da mata da yara zuwa tudu. Aka zo kan gwaggona, ƙanwar mahaifina, tsohuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa. Na ce, "Gwaggo, ki taso mu tafi, ruwa na ƙaruwa." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni ba ni tahiya in bar bisashena. Wagga akuya ciki gare ta. In na tahi, wa za ya kwance su?" Awaki biyar ne da ita. A idon wanda ya zo daga birni, awaki biyar ba su kai a tsaya musu da tsohuwa cikin ruwa ba. A wurinta su ne banki, su ne kuɗin magani, su ne gudunmawar bikin jikarta, kuma su ne abokan hirarta da safe in ta fito da dussa. Lokacin da muka fara lallashinta ruwa na idon sawu. Lokacin da ta yarda ta taka ya kai gwiwa, kuma ba ta yarda ba sai da ta ga samari sun saɓa awakin a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya. Da muka fita, ba ta tambayi akwatin kayanta ba. Mussarta ta tambaya.

Allah ya sa mun fita lafiya. Amma ka lissafa tsofaffi nawa ne irinta daga Argungu zuwa Bunza, daga Jega zuwa Yauri, kuma nawa ne daga cikinsu za su samu samarin da za su tsaya ɗaukar awaki.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙauyanci ne. A Amurka ma haka ta faru. A watan Agusta na 2005 guguwar Katrina ta jawo ambaliyar da ta shanye birnin New Orleans. Masu ceto suka riƙa cewa mutum ya shiga mota ko jirgi amma ya bar karensa ko kyanwarsa. Mutane da yawa suka ce in haka ne ba za su fita ba, wasu kuma a nan suka mutu. Dabbobin da aka bari dubbai ne, kuma da yawa ba a sake haɗa su da masu su ba. Abin ya dami ƙasar har a 2006 majalisarsu ta yi doka, shugaba George Bush ya sa mata hannu, wadda ta ce duk jihar da ke son tallafin gwamnatin tarayya kan shirin ko-ta-kwana dole tsarinta na kwashe mutane ya ƙunshi dabbobin gida. Sun gano cewa in kana son ka fitar da mutum, sai ka tanadi wurin dabbarsa. Su karnuka ne da kyanwoyi, mu kuma awaki ne da jaki da tantabaru, amma halin ɗan Adam ɗaya ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga waccan damina jakin maƙwabcin Gwaggo ne. Da ruwa ya janye aka same shi a mace, dabaibayi na ƙafarsa, kuma tudun da zai tsira bai fi taku talatin daga inda yake ba. Jaki na iyo. Kare na iyo. Akuya duk da tsoron ruwanta tana iya kai kanta gaɓa. Kyanwa za ta hau bishiya ko rufin ɗaki. Igiya ce ke kashe su. Mai jakin ba mugu ba ne, ya fita ne da yara biyu a hannu cikin duhu, hankalinsa bai kai turke ba. Shi ya sa nake cewa a yi maganar tun yanzu, don ta zauna a kai. In ba za ka iya fita da dabba ba, ka kwance ta. Wuƙa ɗaya, daƙiƙa biyar. Gara ta ɓata ka yi cigiya da ka dawo ka tarar da ita a kumbure a bakin turke.

Sai kuma zaman makarantar firamare, inda aka saba tsugunar da waɗanda ruwa ya kora. Aji cike da mata da yara, babu wanda ya yi tunanin inda dabba za ta tsaya. Akwai wani yaro, bai fi shekara 12 ba, da kullum da sassafe sai ya sulale ya koma gari cikin ruwa da ɗan gero a leda. Tantabarunsa yake kai wa. Katangar da tukwanensu ke rataye ta faɗi, tukwanen sun farfashe, amma tantabara ba ta san wani gida ba, sai su yi ta kewaya wurin suna sauka kan ɓaraguzai. Uwarsa ta yi faɗa, ta yi duka, bai daina ba. Duk wanda ya san fadama ya san abin da ke yawo cikin irin wannan ruwa, ambaliya na fitar da macizai daga ramukansu. Wani kawunsa ne ya yi dabara, ya bi shi da kwando da yamma, suka kamo tantabarun suka kawo makaranta. Daga ranar yaron bai sake shiga ruwa ba. Kwando ɗaya ya yi abin da bulala ta kasa.

Mutanen Maiduguri sun ga nasu a ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Hukumar gidan namun daji na Sanda Kyarimi ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na dabbobin wurin sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai ya shiga da su unguwanni. Mun ga hoton jimina tana yawo a titi, wasu har suna dariya. Waɗancan dabbobi ne masu suna a takarda, masu ma'aikata da albashi. In haka ta same su, ka yi tunanin karen gadin talaka a Gwange.

To bari mu zo kan kare, tunda shi ne ba mu son a ambata. Karen da ya yi shekaru yana gadin gona ko garke, ranar da ruwa ya zo shi ne na ƙarshe da za a tuna. Masu shi sun koma wurin dangi a wani gari, shi kuma ya rage a kango. Yunwa za ta fitar da shi. Zai fara da mushen da ruwa ya bari, ya haɗu da wasu irinsa, su zama garke, su fara bin kaji da 'yan awaki, daga nan su matso inda mutane ke zaune saboda ƙanshin abinci. Yara su bi su da jifa, wani ya juyo ya ciji yaro. Nan ne maganar ta daina zama ta tausayi kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi. Amma in an wanke wurin cizon nan take da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, aka garzaya asibiti aka fara allura, ana tsira. Don Allah a bar zancen shafa toka ko jiran a ga ko karen zai haukace.

Abin da muka saba yi shi ne in karnuka sun yi yawa a sa musu guba. Gubar ba ta tsayawa kan kare, kaji na ci, ungulu na ci, kuma bayan 'yan watanni wasu karnukan sun cike gurbin. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi, ciwon na daina yawo. A ƙasar nan ake yin allurar, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato. Mafarautanmu da masu garke sun san karnukansu ɗaya bayan ɗaya. In aka kira su ta hannun shugabanninsu, rana ɗaya ta isa a yi wa na gunduma guda.

Wani zai ce ai kare najasa ne. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da gadin dabbobi da gona. Ko da ma mutum na kan wata fahimtar, babu malamin da ya ce a bar shi ya mutu da yunwa. Tun muna makarantar allo ake ba mu labarin wanda Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Ka lura da wannan na biyun, laifin ɗaurewa ne a bari. Kuma ambaliyar da ta fi kowace girma a tarihi, ta zamanin Annabi Nuhu (AS), umarnin da aka ba shi ya haɗa da shigar da dabbobi cikin jirgi, namiji da mace.

Yanzu ga wadda ta fi zafi, kuma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Ba duk dabbar da ta ɓata a ambaliya ruwa ne ya ci ta ba. Wasu mutane ne suka ci. Akuya ta fita da ranta, ta hau tudu a ƙauyen gaba, wani ya gan ta ya ce tsintuwa ce, Allah ya ba shi. Ranar kasuwa ta yi, ya ja ta kara ya sayar rabin kuɗi. Dillali ya san ba tasa ba ce, mai saye ma ya sani, kowa ya kau da kai. Mai ita kuwa na can kan tabarma a aji, ta rasa ɗaki, ta rasa hatsi, abin da ya rage mata a duniya ke nan aka sayar. Mai wannan hali bai da bambanci da wanda ke shiga gidan da gobara ta ci yana kwasar kaya.

Abin mamaki, a ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, hukuncin wannan a rubuce yake cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Tsintuwa amana ce, ana cigiyarta har shekara. Sassaucin da aka yi kan akuya ko tunkiya na wadda aka samu ne a dajin da babu mutane, inda in an bar ta kura za ta cinye. Akuyar da ruwa ya koro daga ƙauyen da kake hangen bishiyoyinsa ba ta shiga nan ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Sayyidina Umar ɓatattun raƙuma barin su ake yi suna kiwo har su hayayyafa, babu mai taɓa su. Da aka zo zamanin Sayyidina Usman sai ya yi umarni a riƙa cigiyarsu, a sayar, a ajiye kuɗin har mai su ya zo. Wato hukuma ce ta ɗauki nauyin abin. Malamanmu sun ma yi bayanin wahalar wanda ya tsinta: in ya ciyar da dabbar, mai ita zai biya shi abin da ya kashe, ko ya bar masa ita. Babu wanda aka ce ya yi asara don ya riƙe amana.

Iyayenmu ma da tsarinsu. Dabbar da aka tsinta gidan hakimi ko mai unguwa ake kai ta, a ɗaure a ƙofar gida, mai shela ya zaga gari, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a. Wanda ya zo nema sai ya faɗi kamanninta tun bai gan ta ba. Tsarin bai mutu ba, sanyi ya yi. Kuma yau muna da abin da su ba su da shi, waya mai hoto a aljihun kowane saurayi.

Ga abin da nake ganin za mu iya, ba sai mun jira Abuja ko Birnin Kebbi ba.

Tun yau, kowa ya ɗauki hoton dabbobin gidansu, musamman na iyayenmu mata da ba su da waya. Ka tsaya kusa da dabbar a hoton. A sa mata alama, ko lalle ne a gefe, ko ƙyalle mai launi a wuya. Ranar gardama wannan hoton shi ne shaidarka.

Kowane ƙauye da ya san ruwa na shigarsa ya zaɓi tudun da za a kai dabbobi, kusa da inda mutane za su zauna, yadda tsohuwa za ta iya leƙa awakinta. A ajiye 'yan turaku da igiya, da ɗan harawa ko ƙaiƙayi in da hali. Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara tun kafin damina ta kankama, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. In an ji ruwa na tafe, dabbobi su fara tafiya tun da rana. Da daddare babu mai iya kora garke cikin ruwa.

Ƙungiyoyin samarinmu da ke da zaurukan WhatsApp, na ƙwallo da na siyasa, su ware mutum biyu ko uku da aikinsu shi ne komawa gari in ruwa ya lafa, su duba abin da ya rage a turke, a kan rufi, a cikin kango. Manya nake nufi, waɗanda suka san ruwa, da sanda da takalmin roba, ba yara ba. Karen da ya firgita ko ya ji rauni ba a kama shi da hannu, a ajiye masa abinci da ruwa a ja baya, a nemo mai shi ko wani mafarauci. Duk dabbar da aka samu a kai gidan hakimi, a ɗauki hotonta a tura zaurukan ƙauyukan da ke kewaye, daga Gwandu har Kalgo.

Sarakunan fawa da dillalan kara, ku ne ƙofa. Makonnin da ke bayan ambaliya, duk wanda ya jawo dabba yana neman sayarwa da gaggawa a farashin banza, a tambaye shi wanda ya san shi. In ɓarawo ya san babu mai saye, ba zai wahalar da kansa ba. Naman dabbar da ruwa ya kashe kuwa mushe ne, kada ya hau teburin kowa. A binne shi da zurfi, nesa da rijiya.

Dabbar da ta tsira ma ba ta gama tsira ba. Tsayuwa cikin laka na ruɓar da kofato, kiwo a fadamar da ruwa ya kwanta na kawo tsutsar hanta. A nemi malamin dabbobi ya duba su tun ba su fara zubewa ba.

Limamanmu, don Allah huɗuba ɗaya a cikin damina kan haƙƙin dabba da hukuncin tsintuwa. Masu rabon tallafi kuma, in kun zo rubuta asara, ku ƙara layi ɗaya a takardarku. Buhun shinkafa zai ƙare cikin wata guda, amma akuya biyu za su iya mayar da bazawara kan ƙafarta.

Ban ce a bar mutum a ruwa a ɗauki kyanwa ba. Cewa na yi a shirya tun da wuri yadda ba za a kai ga zaɓi tsakaninsu ba. Dabbar da ka ɗaure ba ta da hakimin da za ta kai wa ƙara, kai ne ka hana ta neman abinci da kanta, kai ne kuma za a tambaya.

Duk wanda ƙauyensu ke da irin wannan tsari, ko ya san inda ake yi wa karnuka allura a yankinmu, ya rubuta mana a nan ƙasa don wasu su amfana. Ku tura wa shugabannin samarin garinku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dukiyoyinmu daga ambaliya, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Amin.